Mass Effect Legendary Edition: yawan jama'ar tungayen 'yan Adam, da ko wasan ya cancanci giga 120

A cikin wasan bidiyo na Mass Effect akwai wata duniya da ake kira Terra Nova. Wasan farko ya ce ita ta fi kowace tungar 'yan Adam jama'a, kuma adadin da aka rubuta mata miliyan 4.4 ne. Ƙidayar 2006 ta ba jihar Bauchi mutum 4,653,066. Ke nan duniya sukutum, da tekunta da hamadarta, ba ta kai Bauchi ta wancan lokaci yawan kawuna ba. Wannan lissafi shi ne ƙashin bayan labarin wasannin uku, amma akasarin masu bugawa suna wuce shi ba su ko karanta ba, saboda an rubuta shi da ƙananan baƙaƙe a ƙasan bayanin kowace duniya.

Legendary Edition haɗakar wasanni uku ce da kamfanin BioWare na ƙasar Kanada ya yi, Electronic Arts ya fitar ranar 14 ga Mayun 2021 a kwamfuta da PS4 da Xbox One. Na asalin sun fito a 2007 da 2010 da 2012. An gyara hoto, an sassauta tuƙin motar Mako da ya gallabi mutane a wasan farko, an kuma zuba ƙarin ayyuka sama da 40 da a da sai an saye su daban. Abu biyu ba su shigo ba: wasan taron dangi ta intanet na kashi na uku, da ƙarin Pinnacle Station wanda asalin rubutunsa ya lalace. Kai ne Kwamanda Shepard, namiji ko mace yadda ka zaɓa, jirginka Normandy, kuma duk hukuncin da ka yanke a kashi na farko yana bin ka har na uku. Mai bin ayyukan gefe ya ware wajen awa 100. Akwai tonon labari a abin da ke tafe, wanda ba ya so ya tsallaka zuwa maganar na'ura.

Ganin adadin ba wuya. Ka hau taswirar taurari da ke tsakiyar jirgi, ka shiga gungun taurari, ka zaɓi rana, ka danna duniya. Ƙarƙashin bayaninta za ka ga shekarar kafuwa, yawan jama'a, da babban birni. Eden Prime, inda wasan ya fara, tana gungun Exodus: an kafa ta a 2152, mutum miliyan 3.7, babban birninta Constant. Terra Nova ma 2152 ce, birninta Scott. Bekenstein, tungar masu kuɗi da ke maƙwabtaka da Citadel (babbar tashar sama inda majalisar taurari ke zama), miliyan 5.4. Elysium miliyan 8.3. Benning miliyan 2.25, wato ƙasa kaɗan da mutum 2,365,040 da aka ƙirga a jihar Gombe a 2006. Horizon ta haura dubu 650, Freedom's Progress ta haura dubu 900, ita wannan ba ta kan taswira, sai a kundin bayanai na Codex. Feros kuwa mutum 300 ne kacal, ƙauyen da mai unguwa ɗaya zai riƙe ya san sunan kowa.

In ka tara bakwai ɗin nan manya, za ka sami wajen miliyan 25 da rabi. Ka ƙara Wata mai miliyan 4.1 da duniyar Mars mai miliyan 3.4, ka kai miliyan 33. Duniyarmu ta gida kuwa, a shekarar 2183 ta cikin wasan, biliyan 11.4 take ɗauke da su. A kan kowane mutum ɗaya da ke waɗannan tungaye akwai fiye da 300 da ba su bar gida ba. Akwai wasu tungayen da dama da ban lissafa ba, amma tunda manyan ke nan, ƙananan ba za su juya ma'aunin ba.

Mutane da yawa suna ƙorafin cewa adadin ya yi kaɗan ga jinsin da ke zama a majalisar taurari. Ina ganin marubutan sun yi daidai, kuma dalilin yana cikin shekarun. A 2148 aka tono kufan Prothean, wani tsohon jinsi da ya shuɗe, a Mars. A 2149 aka gano cewa Charon, watan Pluto, na'ura ce da ke wurga jirgi kamar majajjawa zuwa wata rana mai nisa. Tunga ta farko a wajen rana tamu, Demeter, ta kafu a 2152. Daga nan zuwa farkon wasan shekara 31 ce kawai. Yaron da aka haifa ranar da jirgin farko ya sauka a Eden Prime bai yi furfura ba tukuna.

Haihuwa kaɗai ba za ta cika duniya a wannan tsakani ba. Al'ummar da ke ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 a shekara, wanda gudu ne mai ƙarfi, tana ninkawa sau biyu da rabi ne a shekara 31. Domin Terra Nova ta kai miliyan 4.4 ta haihuwa zalla, sai a ce an sauke mutum miliyan 1.76 tun ranar farko, abin da ba zai yiwu ba a daji marar rijiya ko rumbu. To, sai ƙaura. Raba miliyan 4.4 gida 31, ka sami kimanin dubu 142 a shekara, wajen mutum 390 kullum. Mu nan muna da ma'aunin da za mu gwada shi da shi: kujerun Hajji dubu 95 da aka ba Najeriya a 2023, waɗanda ake kwashe alhazansu cikin 'yan makonni. Duk wanda ya taɓa raka mahajjaci sansanin alhazai ya san aikin da ke cikin hakan, ga biza, ga allura, ga awon jaka, ga jiran jirgi, alhali su za su je su dawo ne, kuma masauki na jiransu. Mai ƙaura zuwa Terra Nova sai an kai masa gida, da injin tace ruwa, da iri, da likita, da makaranta. Jigilar Hajji ɗaya da rabi kowace shekara har shekara 31, zuwa duniya ɗaya cikin da yawa, ba ƙaramin aiki ba ne. Da an rubuta miliyan 500, da sai labarin ya zama tatsuniya.

Har dalilin da ya sa wata tunga ta fi wata cika an bayar. Terra Nova ta bunƙasa ne bayan an gano ƙarfen filatinom a shekarun 2170, ma'adinin da ake buƙata wajen ƙera batiran mota na haidurojin. Mutane suka yi ca, kamar yadda kuza ta ja kakanninmu daga ƙasar Hausa zuwa Jos. Eden Prime noma ne arzikinta, shi ya sa take tafiya sannu a hankali. Feros kamfanin ExoGeni ne ya kafa ta a 2178 don binciken kufai, ba don zaman iyali ba. Idan ka kwatanta da Illium ta jinsin Asari, wadda ta yi ɗaruruwan shekaru da kafuwa ta kusa miliyan 85, sai ka ga cewa tsufan gari shi ne cikarsa a duniyar wasan, kamar yadda yake a tamu.

Daga nan tsaro ya shigo. Codex ya ce kashi 3 cikin 100 na 'yan Adam ne ke shiga soja. A biliyan 11.4 wannan ya kai miliyan 342. A Eden Prime kuwa dubu 111 ne, a baje su a faɗin duniya guda. Saboda haka Alliance, rundunar 'yan Adam, ba ta jibge soja a kowace tunga. Tana barin 'yan tsirarun masu gadi, ta ajiye manyan jiragenta a mahaɗar hanyoyi irin tashar Arcturus mai mutum dubu 45, in an kai hari a aika. Kafin agaji ya iso, ɓarna ta riga ta auku. Haka ta faru a Mindoir a 2170 da 'yan farautar bayi na jinsin Batarian suka afka mata, haka aka so a yi a Elysium a 2176. Mutumin arewa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan ƙauyen da ke nesa da bariki. Wannan ne ya sa mutanen Horizon suke hararar Shepard da duk wani mai kakin Alliance: sun bar yankinta da gangan, suna ganin bindigogin da ta girka musu su ne suka jawo musu ido.

Kashi na uku ya kai lissafin ƙarshensa. Codex ya ce jiragen Reaper, manyan injinan da suka mamaye duniya, fiye da 400 suna hallaka kusan mutum miliyan 1.86 a kullum a duniyarmu. Da wannan gudu kaɗai, biliyan 11.4 za su ɗauki kusan shekara 17, shi ya sa aka ce in an haɗa da yunwa da cuta da mutuwar fagen fama, shekara goma ta isa. Terra Nova gaba ɗayanta kwana biyu da 'yan awoyi ce. Wanda ya riƙe wannan a ransa ba zai sake tambayar me ya sa kowa a wasan ya nace sai an ƙwato gida ba.

Amma akwai wuraren da lissafin ya goce, kuma dole a faɗa. An ce Terra Nova ta fi kowa a 2183, sai ga Bekenstein da miliyan 5.4 bayan shekara biyu kacal. Ta Elysium tana da mafita, domin kusan rabin jama'arta ba 'yan Adam ba ne, to rabin miliyan 8.3 bai kai 4.4 ba. Ta Bekenstein ba ta da ita, alama ce ta an sauya hannu wajen rubutu ba a waiwayi na baya ba. Wadda ta fi damuna tana kashi na biyu. Halittun Collector sun kwashe Freedom's Progress kaf, sama da dubu 900, ban da sauran tungayen da suka ɓace. Amma da ka isa sansaninsu a ƙarshe, kwamfutar jirgi EDI ta ce dubun-dubatar mutane ne aka narkar. Ina sauran? Za a iya cewa suna cikin akwatuna ba a kai gare su ba, to amma idan haka ne, hukuncin tarwatsa sansanin ya zama hukunci a kan rayuka dubu ɗaruruwa, kuma babu wanda ya ɗaga maganar. A wasan da ya gina darajarsa kan nauyin zaɓi, wannan giɓi ne babba.

Matsala ta biyu ta ido ce. Horizon ta fi ƙaramar hukumar Bauchi ta ƙidayar 2006 jama'a, amma abin da za ka taka da ƙafarka 'yan gidajen kwano ne a jere, bai kai rukunin gidajen ma'aikata ba. Eden Prime mai miliyan 3.7, rami ɗaya na masu tono da tashar jirgin ƙasa ɗaya za ka gani. Dalilin a fili yake: an ƙera wasannin ne don Xbox 360 mai ƙwaƙwalwar mega 512, kuma sabon fitowar bai sauya injin Unreal 3 da aka gina su a kai ba. An goge bango, an ƙara haske, ba a ƙara mutane ba. Don haka adadin yana rayuwa ne a rubuce, kuma rubutun Turanci ne mai yawa. Wanda ba ya son karatu zai sami wasan harbi mai kyau, amma rabin kuɗinsa ya bari a kan tebur.

Inda wasan ya fi burgewa shi ne inda ya sa adadin a hannunka. A Feros, wata halitta mai kama da tsiro, Thorian, ta mallake hankalin mutanen tungar Zhu's Hope, su 16 za su fito suna harbinka, kuma allo yana ƙirga waɗanda suka rage da rai. Kafin ka koma tungar za a ba ka iskar sa barci. Kuskuren da aka fi yi shi ne a karɓa a wuce, alhali sai ka buɗe kayan yaƙi ka ɗora ta a kan gurnetinka da hannunka, in ba haka ba gurneti na gaske za ka jefa musu. Gurnetin kaɗan ne, don haka ka jira su taru biyu ko uku kafin ka jefa, in sun ƙare ka matsa ka buge mutum da gindin bindiga, zai suma ba zai mutu ba. Ka kuma amince da umarnin da ke hana abokan tafiyarka harbin su. Tun kafin nan akwai ƙananan ayyuka huɗu a ramukan ƙarƙashin tungar: buɗe famfunan ruwa, kashe babban varren (dabba mai kama da kare) don a sami nama, ɗauko batura, da lalata na'urar sadarwar Geth, injinan da suka kawo wa tungar hari. Ka gama su kafin ka wuce ginin ExoGeni, domin bayan nan ƙofar ta rufe. Tungar da ka raya za ta dawo maka a kashi na uku cikin jerin ƙarfin yaƙi.

A Terra Nova kuwa, wani Batarian mai suna Balak ya karkato dutsen sama X57 zai faɗa kan jama'ar. Injin tura dutsen guda uku ne, kowanne da bindigogin gadi, ɗaya kewaye da nakiyoyi inda dole ka sauka daga Mako ka taka a ƙasa kana lura da ƙarar gargaɗi. Bayan ka ceci miliyoyin, sai a ba ka zaɓi tsakanin 'yan tsirarun da aka yi garkuwa da su da kama Balak. A kashi na biyu akwai aikin wata Franklin, inda makamai masu linzami biyu suka nufi tungar Watson kuma ɗaya kawai za ka iya tsayarwa: ko unguwar jama'a, ko tashar jirage da masana'antun da tungar ke rayuwa da su. Ba a gaya maka wanne ne daidai ba. Mutanen jirginka ma lissafi ne. Da zarar halittun Collector sun sace su, in ka bi sawu nan take za ka same su duka. Ka tsaya aiki ɗaya zuwa uku, rabi sun tafi. Ka wuce haka, likita Chakwas kaɗai za ta rage. Saboda haka kada ka je ɗauko na'urar IFF, wadda ke buɗe hanyar zuwa sansanin Collector kuma bayan ɗauko ta ake sace su, sai ka gama tara mutane, ka kuma sayi gyaran jirgi uku: sulke daga Jacob, garkuwa daga Tali, igwa daga Garrus. Kowanne da ka bari, rai ɗaya ne a hanyar shiga.

Yanzu maganar na'ura, wadda a Bauchi da Gombe ita ce ke yanke hukunci. A kwamfuta ana buƙatar Windows 10 mai bit 64, aƙalla Core i5 3570, RAM giga 8, katin hoto GTX 760 ko daidai da shi mai giga 2, da fili giga 120. Yawancin laftof na hannu da ake samu a shagunan Wunti na ofis ne, katin hotonsu na Intel ne da ke manne a jikin injin, kuma ba za su ja wannan wasa yadda ya kamata ba ko da an rubuta i7 a jiki. Kafin ka biya, ka buɗe Task Manager ka duba sashen GPU da idonka. Wanda ya saya a Steam, kantin wasanni na intanet, zai kuma buƙaci manhajar EA da asusunta, kuma buɗewar farko sai da intanet. Steam na yawan karya farashinsa ƙwarai lokacin rangwame, jira ya fi gaggawa.

Sauke sama da giga 100 da datar waya asara ce. Hanya mai sauƙi kuma halastacciya ita ce ka sayi naka, sannan ka kwafi babban fayil ɗin wasan daga wanda ya riga ya sauke, ka zuba shi a steamapps cikin common, ka danna girkawa. Steam zai gano abin da ke nan, ya sauke ɗan abin da ya rage kawai. Faifan da za ka yi kwafin da shi ya zama NTFS ko exFAT, domin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce giga 4, a nan kwafi ke tsayawa a tsakiya mutum ya rasa dalili. Mai PS4 ya sani faifai biyu ne a kwalin, in na hannu ne ya duba duka biyun a haske, kuma akwai gyaran farko da ya haura giga 10.

Ɗaukewar wuta ita ce babbar barazana ga wasan da ajiyarsa ke tafiya tsawon awa 100. In wuta ta yanke daidai lokacin da na'ura ke rubuta ajiya, fayil ɗin na iya lalacewa. Ƙaramin UPS da zai ba ka minti biyar ka kashe da kyau ya wadatar. Ka riƙa juya ajiya a gurbi uku ko huɗu, ka kwafe ta a filashi duk ƙarshen kashi, domin ita za ka shigar a kashi na gaba. Zafin Maris da Afrilu da ƙurar hunturu suna toshe fanka, na'ura ta rage gudu ko ta mutu da kanta, don haka a ɗaga ta daga kan katifa ko darduma, a hure ƙurar lokaci-lokaci. Wasan bai dace da gidan gem na biyan awa ba, inda wani zai zo bayanka ya taka maka ajiya.

Na 'yan shekara 18 zuwa sama ne. Akwai jini, akwai mashaya da masu rawa a Citadel da Omega, akwai soyayya da ke kaiwa ga shimfiɗa, har da ta jinsi ɗaya. Ita soyayyar ba dole ba ce, kana iya rufe ƙofarta a cikin hira ka gama wasannin uku ba ka shiga ba, amma mashayar labari zai bi da kai ta cikinta. Ba abin da za a kunna a falo yara na zaune ba ne. Ga babban da ke da na'urar da za ta ja, da Turancin karanta Codex, da haƙurin danna kowace duniya ya duba ƙasan bayaninta, ya cancanci kuɗin da filin. A kashi na uku kada a yi jinkirin zuwa makarantar Grissom da ke kewaya Elysium: in ka bari har aka kai wa Citadel hari, aikin ya rufe, ɗaliban kuma sun faɗa hannun ƙungiyar Cerberus, abokan gabanka a wannan kashi.